Daminar da Moton Cuku Ya Yi a Maradi

Ku da kunka taso kunka iske ni zaune a rumfa ina sayar da cukun da wasu ke kawowa har cikin gari, kuna zaton haka nike tun asali. To ba haka ba ne. An yi lokacin da in anka ce cukun Habsu a kasuwar Dakoro, ba mai tambayar wace Habsu. Ni da kaina nike shiga daji in ɗauko shi daga hannun masu yin shi, tun bai gama bushewa ba. Ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma abin da ya gilma ta gaban idona ba ya ɓace mini. Shi ya sa na ce a rubuta wanga yadda nike faɗinsa, kada a gyara mini baki. Na ji yadda ake ba da labarin moton nan, wanda wasu ke ce wa babur, a gidan nan, kowa da nasa, kuma yawanci ɗana Laminu ake ɗora wa laifi. Ku ji shi daga bakin wadda ta sayi moton.

Cuku sana'ar damina ce. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, nono ya fi ƙarfin sha, sai mata su daskarar da shi su shanya. Wata uku ne, in Allah ya sa albarka huɗu. Wanda bai tara a cikinsu ba, ya zauna shekara hannu wofi. Ni kuwa duk nawa daga wuri ɗaya yake fitowa, daga hannun Raishatu, babbar matar wani zangon makiyaya da ke sauka arewa da mu, wajen hanyar Tagris. Cukunta da na ƙannenta da na surukanta duk ta hannunta yake bi. Tun ina goyon Laminu muke tare. Ba takarda tsakaninmu. Farkon ruwa in kai mata gero da sukari da ganyen shayi, ita kuma ta ajiye mini cuku, ko wa ya zo ba ta ba shi.

Da, da jaki nike zuwa. Sannu a hankali gonaki sunka ci makiyaya, zangon ya riƙa matsawa arewa, ni kuma gwiwoyina sunka fara ƙin tafiya. Ga wasu sabbin ƴan kasuwa masu moto, da safe su tafi, kafin la'asar sun komo da kaya. Raishatu ba ta ba su ba, amma ba ta ɓoye mini ba.

"Habsu, kullum sai sun zo. Cuku kuma ba ya son ajiya da damina, laima na kama shi. In kina aiko mini duk mako, ba ni da magana da kowa."

Sai na yanke shawarar sayar da saniyata da maraƙinta in sayi moto. Malam, mai gidana, kakanku, bai so ba.

"Ki sayar da abin da ke haihuwa, ki sayo abin da ke tsatsa?"

"Saniyata ce, Malam," na ce mishi. Na kai su kasuwa.

Laminu, ɗana na uku, shi zai riƙa tuƙi. A lokacin magidanci ne da ƴaƴa biyu. Iro mai gyaran moto na bakin tasha ya ba mu shawara mu sayi na hannu, wanda zai buɗe ya duba mana. Na ƙi. Na ce ni ba ni gadon wahalar wani, sabo nike so, na kanti, mai garanti. Da bazara munka tafi Maradi ni da Laminu, wani babban kanti mai gilasai, motoci jere suna ƙyalli, wurin gyara a bayansa. Na zaɓi ja. Mai sayarwa ya miƙo mini wani ɗan littafi shuɗi da hannu biyu.

"Mama, shekara guda cur, duk abin da ya lalace cikin inji namu ne. Ga karne. Ki riƙe shi da kyau, in ya ɓace babu garanti."

Na gane zancen sarai, ko in ce na zaci na gane. A kasuwar dabbobi in ka sayi saniya, dillali ne ke tsaya maka. Ka kai ta gida ka iske ciwo ɓoye a jikinta, ka komo, dillali ya san ka, ya san saniyar, mutane sun shaida, zance ya ƙare. Na ɗauka garanti dillali ne na takarda. Ya kuma gaya wa Laminu ya riƙa kawo moton ana canza mishi mai, abin da suke ce wa bidanji. Wanga na ji shi da rabin kunne. Abin da ya zauna mini a kai shi ne in ya ɓace babu garanti. Muna isa gida na naɗe karnen cikin sabon ƙyalle, na sa shi ƙasan akwatina na ƙarfe, tare da takardar gona da takardun haihuwar iyayenku, na kulle.

Da lokacin bidanjin fari ya yi, Laminu ya zo ƙofar ɗakina.

"Inna, a ba ni karnen. Sun ce a zo da shi."

"Moton za su zuba wa mai ko takardar?"

"Sun dai ce a zo da shi."

"Ka sa shi aljihu gumi ya jiƙa shi, ko ya faɗi a hanya? Tafi abinka. In sun tambaya ka ce yana hannun uwarka, kuma lafiyarsa lau."

Ya tafi haka nan. Wani mai gyara da suke kira Dogo ya yi mishi bidanjin, ya ce ba komai, ya kawo karnen daga baya a buga hatimi. Laminu ya gaya mini. Na ce to, daga bayan. Karo na biyu ma haka anka yi. Ya tambaya, na hana. Wanga ku riƙe shi: sau biyu ya tambaya.

Ruwa ya sauka da kyau a shekarar. Zuwa biyu Laminu ya yi zangon Raishatu, ya komo da cuku fari tas, har masu saye na jira na a rumfa kafin in shimfiɗa. A zuwa na uku, bai yi nisa da gari ba injin ya fara ƙara kamar ana daka ƙarfe cikin turmi, sannan ya mutu. A amalanken shanu anka komo da shi. Iro ya zo ya saurari bayani, ya ce shi ba ya taɓa shi, in ya kwance ko ƙusa ɗaya garanti ya tashi. Munka ɗora moton bisa motar kasuwa, Laminu ya kai shi Maradi. Shugaban wurin gyaran, wanda suke ce wa shef, ya ce a bar shi, kwana uku.

Kwana ukun nan Laminu ya bi su sau uku, mako bayan mako. Ran fari sunka ce ba a duba ba tukuna, aiki ya yi yawa. Ran na biyu sunka ce an buɗe, piyes ɗin, wato ƙarfen da za a canza, yana hanya daga Kwatano. Ran na uku sunka ce patron, mai kantin, ya yi tafiya, kuma ina karne? In ya kira salularsu ba a ɗauka. Kowace tafiya yini guda ce cikin tsakiyar noma, gonarsa ciyawa na ci. A gida kuwa baki ya fara tashi. Malam ya ce ai ya ga yadda yaron ke gudu cikin rairayi, ba injin da zai ɗauki haka. Ƴan'uwan Laminu sunka ɗauka sunka yi ta juyawa. Laminu ya ɗauki laifin, bai tona zancen karnen ba. Ran kasuwa wani mutumin zangon ya tsaya a rumfata ya ce Raishatu na gaishe ni, ta ce cuku ya taru. Na ce ya gaya mata mako mai zuwa.

Na buɗe akwati, na ɗauko karnen da ƙyallensa, na ce wa Laminu ya koma gonarsa, ni zan je.

Na iske shef ɗin a teburinsa, mutum mai tsabta, da riga mai sunan kantin. Na gaishe shi, na warware ƙyallen a gabansa, na ajiye karnen. Gaskiya da alfahari na ajiye shi, don ko lanƙwasa babu a jikinsa, kamar ran da anka ba ni. Ya buɗe shafin fari, ya buɗe na biyu, ya juya har ƙarshe, ya ɗago ya dube ni.

"Mama, ai ba komai a ciki."

"Me kake so a samu a ciki? Yadda kunka ba ni haka na komo muku da shi."

"Nan ake buga hatimi duk bidanji. Ba hatimi, ba shaidar an kula da moton. Ba shaida, ba garanti."

"Ɗana, a nan anka yi bidanjin. Sau biyu. Kira mini Dogo."

Anka kira Dogo, ya zo yana goge hannu. Allah ya saka mishi, bai yi ƙwauron baki ba. Ya ce shi ya yi, jan moto na Dakoro, sau biyu, kuma shi ya ce a kawo karne daga baya. Na juya wajen shef, na zaci an gama, don a inda na fito in mai aiki ya shaida a gaban mai gida ba sauran magana.

"Ni ma na ga ɗanki, Mama," in ji shef. "Amma ba ni ke biyan piyes ba, manyanmu na Yamai ke biya. Su kuma ba su ganin Dogo, takarda suke gani."

"To ga takarda, ga hatimi a gabanka. Buga."

"Da wace rana? In na rubuta ranar da ta wuce, aikina ne zai tafi."

Ya ce zai rubuta musu roƙo, in yi haƙuri. Na ce har yaushe? Ya ce bai sani ba, wani lokaci suna amsawa da wuri. Na ce in ga moton. Bai so ba, amma ya kai ni baya. Can na iske shi jingine da bango cikin layin wasu irinsa, sun fi goma, duk ƙura ta rufe su. Cikinsa a buɗe, kayan injin zube cikin wani tsohon kwano, ruwan sama ya taru a ciki.

Na sauka gidan wata ƴar'uwata a Maradi. Kwana shida ina zuwa kantin nan, da safe in zauna a bencinsu, sai sun rufe in tashi. Ban yi zagi ba, ban ɗaga murya ba. Duk wanda ya shigo sayen sabon moto in gaishe shi, in ce in ya gama ya leƙa baya ya ga nawa. Ran na uku mai sayarwa ya kawo mini ruwan sanyi, ya roƙe ni in koma benci na ciki. Na sha ruwan, na zauna inda nike. Kullum in tambayi shef, kullum ya ce Yamai ba su amsa ba. Wata rana ya ce wanda ke sa hannu na hutu. Wata rana ya ce sun nemi hoton injin. Na ga wani dattijo da ya ce mini shi tun kafin azumi yake zuwa, kuma karnensa cike yake da hatimi.  Na ce a raina, in mai hatimi haka yake jira, ni fa?

Ran na shida Laminu ya kira salular ƴar'uwata. Ya ce mutumin zangon ya sake zuwa. Raishatu ta ce laima ta fara ɓata mata kaya, surukanta sun dame ta, ba ta san abin da za ta gaya musu ba. Ya ce ya nemi aron moto, amma da damina kowa nasa na kan aiki, wanda ya yarda kuma ya ce ba ya kai nasa cikin wancan rairayin. Na ajiye salular, na je wajen shef na ce a ba ni motona.

"A haka, Mama? In ya fita daga nan, ko Yamai sun yarda an gama. Ki ƙara mako biyu."

"Ka rantse mini mako biyu ne?"

Ya ƙi rantsewa.

"To a ba ni abina."

Ya kawo wata takarda ya karanta mini, wai na ɗauki moton da son raina, ba ni da sauran haƙƙi a kansu. Na dangwala yatsa. Saniyata da maraƙinta na tuna a lokacin, ba ni ɓoye muku. Dogo ya juye kayan injin cikin buhun siminti. Da anka turo moton waje na ga ba batir, madubi ɗaya kuma babu. Na tambaya. Dogo ya sosa kai ya ce an ara wa wani da ke sauri. Ya koma layin nan, ya kwanto batir da madubi daga jikin wani moton ya kawo mini.

"Wanga na wane ne?"

"Na wani mutumin Sabon Maci ne, Inna. Ba ya zuwa sai bayan girbi."

Sai a ran nan na gane yadda layin yake ci da juna. Na ce ya mayar da madubin. Batirin na karɓa. Ban san mutumin ba, ban taɓa ganinsa ba, amma har yau in na tuna ba ni jin daɗi.

Da munka sauke moton a tashar Dakoro, Iro ya zazzage buhun bisa tabarma, ya ɗauki ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya ɗaga wani ya nuna mini a rana.

"Inna Habsu, kin ga tsagar nan? Da ita ya fito daga inda anka ƙera shi. Ko liman ne ke tuƙa shi sai ya fashe."

Na ce ya maimaita a gaban Malam. Ya biyo ni har gida ya maimaita. Daga nan ni kuma na faɗi nawa, a tsakar gida, kowa na ji: cewa Laminu ya nemi karne sau biyu, ni na hana, kuma hanawar ce ta ba mutanen Maradi abin riƙewa. Ba abu ne mai sauƙi ba uwa ta faɗi haka a gaban surukarta. Malam ya ce Allah ya kyauta, ya shiga ɗaki. Waɗanda ba su nan ran nan su ne har yau ke ba da tsohon labari.

Tumakina biyu sunka tafi wajen sayen kayan gyara. Iro ya aika anka sayo daga bakin iyaka, ya haɗa injin cikin kwana tara. Ran da ya tashi, gero ya riga ya fitar da kai. Na ce wa Laminu wanga zuwan da ni za a yi. Na ɗaura gyale a ƙugu, na hau bayansa, ga buhun gero ɗaure, ga sukari da shayi. Ban taɓa hawa moto tafiya mai nisa ba sai ran nan. Munka iske zangon ya ƙara gaba, sai da munka yi tambaya sau biyu.

Raishatu ta fito ta tarye ni yadda ta saba. Ta shimfiɗa mini tabarma, anka kawo nono, anka ɗora shayi. Munka gaisa, ta tambayi gida, na tambayi dabbobi. Ina zaune ina ganin cuku shanye a bayan bukka, da yawa, ga kuma sawun tayar moto a ƙasa wanda ba namu ba. Sai da munka sha kofi na biyu ta yi magana.

"Na jira ki kasuwa bakwai, Habsu. Cukun farko da ya lalace na ba awaki. Na biyu ma haka. Matan nan da cukun suke sayen hatsin rani."

"Na sani."

"Wani ya zo, mutumin Ajekoriya. Ya ce ba ya ɗauka sai in na ba shi bana da baɗi da abin da ya biyo. Na ba shi baki, a gaban maza."

Laminu ya buɗe baki zai yi bayanin Maradi, na ɗaga mishi hannu. Na san in na roƙe ta, in na tuna mata shekarunmu, za ta iya raba kayan biyu ta ji kunyar mutumin. Na san halinta. Amma ni da na yi kwana shida a benci ina neman mutane su tsaya kan abin da sunka faɗa, da wane baki zan ce mata ta tashi daga kan nata? Na ce ta yi daidai. Na ce a sauke geron da sukarin, don ba na ciniki ba ne yau, na gaisuwa ne. Ta ƙi, na ƙi, a ƙarshe ta karɓa. Da za mu tafi ta shiga bukka ta fito da cuku guda biyar cikin ƙyalle, ta ce wanga nata ne na ci, ba ya cikin alkawari.

Moton ya yi mana shekaru yana aiki, Laminu ya yi kabu-kabu da shi, da shi ya ciyar da wasunku. Amma bai ƙara ɗauko mini cuku daga daji ba. Na gwada wasu zangunan, kowane da mai shi. Daminar da ta biyo na je bakin tasha na tsaya cikin layin mata, ina jiran mutumin Ajekoriya ya sauke kaya. Da ya kwance buhun na gane hannun Raishatu tun daga nesa, don ba mai yin shi siriri kamar nata. Na zaɓi mai kyau, na saya a farashin da ya faɗa, na ɗora a kai na tafi rumfata.